Kuɗin Katantanwa

A makarantarmu ta kwana ba a cika kiran mutum da sunan yanka ba, garinku shi ne sunanka. Shi ya sa har yau in na tuna mu huɗun nan, laƙabin ne ke fara zuwar mini: Ɗan Riruwai, Ɗan Tudun Wada, Ɗan Kwanar Dangora, sai ni da ake ce wa Ɗan Tiga, ko da yake ƙauyenmu yana gefen dam ɗin ne ta ɓangaren Bebeji. Mota ce ta fara haɗa mu. Duk ranar da aka ba da hutu hanya ɗaya muke bi. Ni nake fara sauka, sai Ɗan Kwanar Dangora, sai na Tudun Wada, a bar Ɗan Riruwai shi kaɗai ya ratsa dajin Falgore yana addu'ar kada mota ta lalace kafin magariba.

An haife ni bayan an tare Kogin Kano. A zamanin Gwamna Audu Bako aka fara aikin dam ɗin Tiga a 1971, aka gama a 1974, ruwa ya kwanta a kan gonaki da kufai da maƙabartu, aka tashi mutane aka sake musu matsuguni. Kakata takan nuna tsakiyar ruwan da sandarta ta ce, "Can ƙarƙashin tsamiyar aka ɗaura mini aure." Mu kuwa da muka buɗe ido muka ga ruwa, a wurinmu tun fil azal yana nan. A cikinsa muka koyi iyo, a bakinsa muke wanke awaki, daga gare shi ake sakin ruwan da ke bin kanal zuwa Kadawa da Kura, inda iyayenmu ke zuwa ƙwadagon tumatir da alkama da shinkafa da rani. Ranar da muka fara jin tsoron ruwa ita ce ta watan Agustan 1988, da dam ɗin Bagauda ya ɓalle. Mako guda Inna ba ta bar mu mun kwana da ƙofa a rufe ba, wai ko da gudu zai kama.

Amma akwai wani abin da ruwan yake yi mana a hankali, wanda babu mai kwana da ƙofa a buɗe saboda shi. Ina aji huɗu na firamare na fara ganin ja a ƙarshen fitsarina. Da na gaya wa abokaina, dariya suka yi suka ce barka, ai ka zama namiji. Kusan duk sa'o'ina haka suke. Wasu manya suna cewa zafin rana ne, wasu su ce yawo ba takalmi a kan rairayi mai zafi. Kakata har tsokanata ta yi: "Maigidana ya girma, sai a fara neman mini kishiya." Sunan abin tsargiya, kowa ya sani, amma ba a lissafa shi cikin cututtuka. Da na shiga sakandare aka ba ni wasu ƙwayoyi a asibiti, jinin ya ɗauke, na manta da shi.

A 1993 muna aji biyar, muna cikin kulob ɗin JETS na ɗalibai masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere. Gaskiya yawancin abin da muke yi shi ne haddace amsoshin kacici-kacici domin gasa. Wata ranar Laraba malaminmu na bayoloji ya dawo daga wani taron malamai a Kano da takarda ɗaya a ninke cikin aljihun gaban rigarsa. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta, mai aikin kula da muhalli, take ba da ɗan tallafi ga ɗaliban sakandare su yi bincike a kan wata matsala ta yankinsu. Naira dubu biyar, kashi biyu: dubu uku da farko, dubu biyu in an kai rahoto. Sharaɗin da ya fi ɗaure mana kai shi ne cewa ɗalibai ne za su zaɓi tambayar, su rubuta takardar nema, su riƙe lissafin kuɗin. Malami mai sa ido ne kawai.

Malam ya karanta mana, ya ninke takardar, ya ce, "To, ku kawo tambaya."

Muka yi tsuru-tsuru. Shekara goma sha ɗaya muna makaranta, ba a taɓa ce mana mu kawo tambaya ba, amsa ake nema a wurinmu. Wani ya ce a yi bincike a kan ramin da ya huje a sararin samaniya, don an yi mana shi a aji. Malam ya ce, "Da wane tsani za ka hau ka auna?" Ya ba mu mako guda, ya ce kowa ya tuna abin da ke damun mutanen gidansu.

Mako na zagayowa, mu huɗun nan ne muka zo da magana. Ɗan Riruwai ya ce a garinsu tun kafin zuwan Turawa ake haƙar kuza ana narka ta, daga baya kamfani ya zo ya yi nasa ya tafi, aka bar ramuka cike da ruwa, shanu na sha, yara na wanka. Yana so ya san me ke cikin ruwan. Ɗan Tudun Wada ya ce shi motocin itace da gawayi yake so a ƙirga, waɗanda ke fitowa daga wajen Falgore su nufi Kano, a san nawa ne a rana. Ɗan Kwanar Dangora ya ce wani kwari yana cin gonar kakansa, kowace damina sai ya ƙara taku da yawa. Ni kuma, cikin jin kunya, na ce fitsarin jini. Aji ya kwashe da dariya.

Malam bai yi dariya ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ramin kuza, in ji shi, tambaya ce babba, amma gano ƙarfe mai guba a cikin ruwa sai na'urorin jami'a, dubu biyar ba za ta kai mu ko ƙofar ɗakin ba. Ƙirga motocin itace kuwa, masu motocin ba za su ji daɗin ganin yara da littafi a bakin titi ba, shi kuma ba zai iya fuskantar iyayenmu ba in wani abu ya faru. Kwari yana son shekaru kafin a ga tafiyarsa. Sai ya juyo gare ni.

"Kai Ɗan Tiga, me ka sani game da katantanwa?"

Na ce muna murza kwasfarta a ƙasa muna wasa da ita.

"To ita za mu tambaya."

Don kada sauran ukun su ji an yar da su, ya ƙara wani abu da a lokacin muka ɗauka na rarrashi ne. Ya zana Kogin Kano a allo, tun daga tuddan kudu, ya ratso Falgore, ya zubo Tiga. Ya ce ruwan da ya sauka a kan duwatsun su Ɗan Riruwai shi ne nake wanka da shi bayan 'yan kwanaki. Saboda haka kowannenmu zai kafa ma'aunin ruwan sama a gidansu, a rubuta abin da aka samu kullum. Da haka takardar ta zama ta mu huɗu.

Rubuta takardar nan ya fi kowace jarrabawa wuya. Sau biyar Malam yana dawo mana da ita da jan biro. Mun rubuta cewa za mu kawar da tsargiya daga Jihar Kano, ya ja layi ya rubuta a gefe: "Ku huɗu?" Muka rage, muka rage, har ta koma tambaya uku: a wane mashigi katantanwa mai ɗauke da cutar ta fi yawa, da wane lokaci yara suka fi shiga ruwa, kuma yara nawa ne a firamaren ƙauyenmu ke da ita. Kasafin kuɗi kuwa sai da muka je kasuwa da ƙafarmu muka tambayi farashin rariya da mazurari da takalmin ruwa da safar hannu. A ƙarshe muka kai wa wani mai tafireta da ke zama a gindin darbejiya kusa da kotu, ya buga mana yana tambaya ko ƙara za mu kai katantanwar.

Bayan wata biyu amsa ta zo. A gaban asambuli shugaban makaranta ya kira mu, ya miƙa ambulan. A lokacin babu takardar kuɗin da ta fi Naira hamsin, wadda ake ce wa wazobiya; guda sittin ne cif a ciki. Aka naɗa ni ma'aji, wai don ni na kawo maganar. Daren nan a cikin matashin kaina suka kwana, ni kuwa ban runtsa ba. Washegari na kai wa Malam ajiya, ya ƙi karɓa sai da na rubuta a littafi cewa na ba shi, ya sa hannu, ni ma na sa. Tun daga ranar 'yan makaranta suka raɗa wa abin suna kuɗin katantanwa, mu kuma 'yan katantanwa.

Ranar Asabar muke fita. Mun ɗaura rariyar ƙarfe a bakin doguwar gora, mu zura ta ƙarƙashin ciyawa da ganyen bado, mu girgiza, mu ɗago. Mashigi biyar muka zaɓa: inda mata ke wanki, inda ake shayar da shanu, inda masunta ke ɗaure kwalekwale, inda yara ke iyo, da wani wuri mai duwatsu da ba a cika zuwa ba. Kowane mashigi zura ashirin, ba ƙari ba ragi, don Malam ya ce in ka zura talatin a inda kake zargi, goma a inda ba ka zargi, to son zuciyarka ka auna. Ya koya mana bambance su. Ka riƙe katantanwar tsininta na sama, bakinta na kallonka: in bakin yana hagu, ita ce wadda littafi ke kira Bulinus, mai ɗaukar tsargiyar mafitsara. Akwai kuma wata shimfiɗaɗɗiya kamar nadin gammo, mai ɗaukar ta hanji. Ni da na tashi ina wasa da su, ban taɓa lura cewa katantanwa tana da bahaguwa ba.

Mutanen ƙauye suka sha kallo. Ɗan gidan wane, da aka kai makaranta ya zama likita, ga shi da takalmin roba har gwiwa yana tsince-tsince a bakin ruwa. Wani dattijo masunci ya tsaya a kaina ya ce, "Yaro, in yunwa ce ku zo in ba ku tarwaɗa." Baba bai ce komai ba, amma na ga yadda ya sauya hanya don kada ya bi ta gabanmu da abokansa.

Abin da ya sauya komai ya faru ne a ƙofar gidanmu, wata Asabar da hantsi. Malam ya sa muka jera kofunan gilashi goma sha biyu a kan benci, kowanne da ruwan rijiya mai tsabta da katantanwa 'yan kaɗan, muka bar su a rana. Muka zauna muna jira, yara sun kewaye mu. Wajen azahar ya ɗaga kofi ɗaya, ya sa baƙin ƙyalle a bayansa, ya karkata shi ga haske, ya miƙo mini gilashin ƙara girma.

Da farko ban ga komai ba. Sai na ga kamar ƙura tana motsi. Da idona ya zauna, sai ga su: 'yan mitsi-mitsin abubuwa farare, ba adadi, kowanne da wutsiya mai baki biyu kamar gwafa, suna karkarwa suna hawa sama, su saki jiki su nitse, su sake hawa. Ruwan da na ɗebo da hannuna daga rijiya, garau, yanzu ya cika da rai. Tsigar jikina ta tashi. Malam ya ce, "Ka ga abokan wankanka."

Nan ya warware mana zaren a gaban kowa, da Hausa, ba da Turancin aji ba. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi katantanwa ya shige. A cikinta yake hayayyafa na 'yan makonni, sannan ya fito da siffar nan da muka gani, ya huda fatar duk wanda ke cikin ruwan, ba sai ya sha ba. Ya bi jini ya girma ya zama tsutsa, mace da namiji su tare a jijiyoyin mafitsara, ƙwansu mai ƙaya shi ke tsaga hanya ya fito, shi ne jinin. Ya ce wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma duk inda aka tare kogi aka yi kanal, ruwa ya daina gudu, ciyawa ta samu wurin zama, katantanwa takan yi yawa. Dam ɗin da ya kawo mana tumatir da kifi, shi ya yi mata gida.

Baba yana zaure yana ji. Can ya fito, ya ce, "Malam, a ba ni in gani." Ya daɗe da gilashin a ido. Da ya sauke, sai ya dubi ƙanena da ke tsaye jiƙe da ruwa, dawowarsa ke nan daga iyo, ya ce, "La haula." Daga nan ya aika aka kira masuncin nan mai tarwaɗa, shi ma ya duba. Kafin la'asar rabin unguwa sun leƙa kofin. Gani ya kori ji.

Wannan kofin ne ya buɗe mana ƙofar aiki na biyu, mai wuyar. Karɓar fitsarin 'ya'yan mutane ba wasa ba ne, kowa ya san abin da ake tsoron a yi da shi. Baba da kansa ya raka mu wurin mai unguwa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, so muke mu duba yaran firamare, wanda aka samu da ita a haɗa shi da asibiti." Mai unguwa ya ce, "Kwalaben fa, ina za su in an gama?" Malam ya ce a gaban wakilinsa za a zubar a wanke. Aka yarda bisa sharaɗin duk uban da bai so ba, a bar ɗansa, kuma ma'aikacin lafiya na yankin ya kasance a wurin. Nakan tuna wannan zama in na ji labarin gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, da irin ɓarnar da ya yi wa yarda tsakanin mutane da masu farar riga. Mu an yarda da mu ne don an san iyayenmu, an san inda za a same mu gobe.

Tsakanin hantsi da azahar ake karɓa, lokacin da ƙwan ya fi fita. Mu bar kwalba ta kwanta, mu ɗebi na ƙasa, mu ɗiga a gilashi, mu sa a madubin gwaji guda ɗaya tilo da makarantarmu ke da shi, wanda ke aiki da hasken rana. Ƙwan dogo ne kamar ƙwayar shinkafa, da 'yar ƙaya a gindi. Mun same shi a wurin yara da yawa fiye da yadda iyaye suka zata, har da waɗanda fitsarinsu fari ne tas a ido, har da 'yan mata, waɗanda ba a taɓa kawo su cikin zancen ba tunda an ɗauka abin na balagar maza ne. Lissafin mashigai kuma ya nuna inda ake wanki da inda ake iyo, masu ciyawa da ruwa kwance, su ne matattara. Wuri mai duwatsu da igiyar ruwa kusan babu komai. Sannan lokacin da yara suka fi faɗawa ruwa, bayan an tashi daga makaranta rana na tsaka, shi ne daidai lokacin da abin ya fi fitowa daga katantanwa.

Ba mu gano abin da duniya ba ta sani ba, duk yana cikin littattafai. Amma babu littafin da ya san mashigin wankin ƙauyenmu. Abin da muka gaya wa mutane bai wuce uku ba: a daina fitsari a ruwa da bakinsa, a nome ciyawar mashigi, kuma ruwan da aka ɗebo don wanka a bar shi ya kwana biyu a randa, abin yakan mutu in bai samu jikin mutum ba. Inna ta ware randa guda don haka. Ma'aikacin lafiyar ya rubuta sunayen yaran, aka samo wa waɗanda aka iya maganin praziquantel, wanda a lokacin tsada gare shi, ba kamar yanzu da ake rabawa kyauta a makarantu ba.

Kada in mai da kanmu waliyyai. Wata Asabar mun dawo a gajiye, ƙanshin tsire ya tare mu a tasha. Ɗan Tudun Wada ya ce ai ko injin ban ruwa sai da mai yake aiki. Na zaro Naira arba'in daga kuɗin katantanwa. Da dare na zauna da littafi, na rubuta "kuɗin mota". Ranar Litinin Malam ya bi lissafi da bakin biro, ya tsaya.

"Ma'aji, motar nan ta ranar Asabar, da ƙuli aka yi ta ko da yaji?"

Na sunkuyar da kai. Bai daka mini tsawa ba. Ya ce in soke da layi ɗaya yadda za a iya karanta na farkon, in rubuta "tsire" a sama, in sa hannu. Ya ce, "Cin tsiren ba shi ne laifin ba, mai aiki yana ci. Amma hannun da ya rubuta mota a wurin tsire, gobe zai rubuta katantanwa goma a inda ya ga uku." Haka rahotonmu ya tafi Kano da tsire a cikinsa. Na yi aiki a ofisoshi da dama bayan nan, na ga rasiɗai iri-iri, kuma kullum sai na tuna layin nan guda.

Muka kammala rahoto, shafi goma sha takwas da taswirar da Ɗan Kwanar Dangora ya zana da hannu. Aka kai. Muka jira cikon dubu biyu, da su muka yi niyyar sake zagaye bayan damina mu ga ko nome ciyawar ya yi amfani. Shiru. Shekarar ce ta rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, yajin aiki ko'ina, daga baya ga wahalar mai. Malam ya je sau biyu da kuɗin aljihunsa. Da farko aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, na biyu aka ce an turo kuɗin ta wani ofishi, a je can a tambaya. Can kuma aka ce ba a san zancen ba. Muka shiga aji shida, jarrabawa ta sha gabanmu, aka yi wa Malam canjin wurin aiki. Da na koma makarantar bayan shekaru ina neman kwafin rahoton, aka nuna mini wani sito da rufinsa ya yaye, gara ta gama da abin da ruwa ya rage.

Mu ma muka watse. Ɗan Riruwai ya zama malamin firamare a garinsu. Da labarin gubar dalma ya ɓulla a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ya kira ni cikin dare. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ɗan Tiga, tambayata fa har yanzu ba a amsa ba." Ɗan Tudun Wada kuwa dajin da ya so ƙirga itacensa ya zama maɓoyar ɓarayin shanu, har sojoji suka mai da shi filin atisaye a 2017. Babu wanda ya ƙirga motocin nan, balle a san abin da aka rasa.

Yau kuɗin muhalli ba su yi ƙaranci a takarda ba. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na jihohin Arewa 19 da Abuja. Asusun GEF yana da shirin ƙananan tallafi ga ƙungiyoyin al'umma. TETFund na ba da kuɗin bincike, amma ga manyan makarantu kaɗai. A Suwidin tun 1997 ake ba matasa kyautar binciken ruwa ta birnin Stockholm kowace shekara, yara daga ƙasashe da dama suna kai irin aikin da muka yi da rariya da gora. Sai dai tsakanin waɗannan miliyoyi da ɗan aji biyar na Kiru ko Doguwa akwai fom na intanet da Turanci, da rajistar ƙungiya, da asusun banki, da wanda ya san wani. Abin da aka yi mana a 1993, wato a damƙa wa yaro ɗan kuɗi a hannu a ce kawo tambayarka, riƙe lissafinka, shi ne har yanzu ban cika gani ba. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Haka ne. Amma abin da ke ƙarƙashin ganyen bado, sai wanda ke shiga ruwan kullum, kuma babba ya daɗe da daina tuɓe riga a bakin dam.

Saura labarin ma'aunin ruwan sama, wanda muka ɗauka na rarrashi ne. Mazurari ne da kwalba da rula, a kan turmin da aka kife a fili. A damina ɗaya da muka haɗa littattafanmu huɗu, mun ga da idonmu abin da manoma ke faɗa da baki: ruwa yakan riga sauka a wajen Riruwai, ya fi yawa, ya kuma riga mu daɗewa, yana raguwa in ana gangarowa arewa. Sauran ukun suka bar nasu da aka gama. Nawa, tunda ina makaranta, Baba na bar wa. Na nuna masa yadda ake tsiyayewa a auna kowace safiya, na ce na wata uku ne kawai.

Ban sake bi ta kai ba sai bayan rasuwarsa, muna kwashe kayan zaure. A cikin gafakarsa, bayan 'yan takardun addu'o'i, muka tarar da littattafan makaranta guda huɗu, irin masu shafi arba'in. Da ajami ya rubuta, da tawadar allo: sunan wata, kwana nawa, sai lamba. Wani wuri ya ƙara kalma biyu ko uku, "an yi shuka", "iska ta fi ruwa", "gero ya sha". Damina goma sha ɗaya, ba tsallake, har da shekarar da ya je Hajji, inda rubutun ya koma hannun ƙanena. Da kwalbar ta fashe ya nemo irinta sak, in ji Inna, don ya ce Malam ya ce in aka sauya ma'auni lissafi ya ɓaci.

Na tambaye ta ko ya taɓa cewa don me yake yi. Ta ce ita ma ta tambaye shi, ya ce yaran nan an ba su kuɗin mutane su yi aiki, kuma bai ji wanda ya zo ya ce an gama ba.

Littattafan suna wurina. 'Yata ta biyu, wadda ke aji biyar yanzu, ta kwashe lambobin ta zuba a kwamfuta, ta ce in an samu na shekarun bayan nan za a iya gane ko damina tana ja da baya ne da gaske ko faɗa ce kawai. Na ce mata babu na shekarun bayan nan. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni nawa ake sayar da mazurari.